Cire Wannan Takardar, Malam

Shan inna ya taɓa ni tun ina rarrafe, ya tafi da ƙafata ta hagu. Haka na tashi, da takalmin ƙarfe mai ɗauri har cinya da sanda a hannun dama, na yi firamare da sakandare da kwalejin ilimi, har Allah ya ba ni aikin koyar da lissafi. Da aka tura ni wata sakandaren jeka-ka-dawo a yammacin jihar Katsina a 2014, cikin garuruwan nan da ke bakin dajin Rugu, ko tari ban yi ba. Duk wanda ya tashi da nakasa a ƙasar nan ya san dalili. Tun ranar da ka je neman aiki ake bin ka da kallon "anya zai iya?", sai ka zama kai ne na farko wajen sa hannu a rajistar safe, na ƙarshe wajen ƙorafi.

Garin kuwa bai cuce ni ba. Mai unguwa ya ba ni shago a ƙofar gidansa, wani mai walda ya ƙara wa babur ɗina ƙafa biyu a gefe, yara suna rige-rigen ɗebo mini ruwa. Iyalina suna birnin Katsina. Litinin da asuba in shiga mota, Juma'a bayan an sauko daga masallaci in kama hanyar gida, in da kaka ne da ƙullin wake da gyaɗa da iyayen yara suka haɗa mini.

Da satar shanu aka fara, daga shanu aka koma mutane. A 2019 Gwamna Aminu Bello Masari ya bi ƙananan hukumomin bakin daji da kansa yana zama da shugabannin 'yan bindiga, aka ce an yi sulhu, sulhun bai je ko'ina ba. Daren 11 ga Disamba, 2020, ranar da Shugaba Buhari ya sauka Daura hutu, aka kwashe yaran makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Ranar 17 ga wata aka sako 344. An rufe makarantu, an sake buɗewa, muka koma aji kowa kunnensa na waje.

Nawa rabon ya same ni a 2021, wata Juma'a da yamma, cikin wata tsohuwar Golf da aka cusa mu har da mutum biyu a kujerar gaba. Mun sha wata kwana ke nan direba ya ce innalillahi, ya taka birki. Babura ne gicciye a kan titi, kowanne da mutum biyu ko uku, fuskoki a naɗe. Kafin motar ta gama tsayawa ƙofofi sun buɗe, kowa ya ranta a na kare. Ni kuwa fita daga mota a wurina sai an bi matakai: in kama ƙafar da hannu biyu, in zaro ta daga ƙarƙashin kujera, in miƙe ta, in danna makullin gwiwa ya ce ƙas, sannan in lalubo sanda. Ina kan danna makullin suka iso.

Yaro ne ya fara zuwa kaina, ba zai girmi 'yan aji huɗu da nake koyarwa ba. Ya ce in yi gaba. Na nuna masa ƙafar. Wani babba ya zo ya ƙwanƙwasa ƙarfen da bakin bindiga kamar mai gwada tukunya a kasuwa, ya yi dariya. Suka tsaya a kaina suna shawara, ina ji. Wannan ya ce a ɗora shi a babur, da gani ma'aikaci ne, za a biya. Wancan ya ce gurgu ba shi da kasuwa, zai ɓata musu tafiya. Yaron ya ce to a harbe shi mana. Babban ya ce kada ya ɓata harsashi. Suka karɓe wayata da 'yan kuɗin cefane, suka tasa ƙeyar waɗanda suka kamo cikin gonaki, har da direban, suka nausa daji. Ina zaune a bakin kwalta har aka yi magariba kafin wata motar itace ta tsaya mini.

Kowa ya ce na auna arziki. Gida ya cika da 'yan barka, har da masu raha cewa yau dai ƙafar ta yi rana. Ni ma na yi dariya. Litinin na koma bakin aiki.

Abin bai fito da wuri ba, a hankali ya riƙa cin jikina. Barci ne ya fara ƙaura. In na ji ƙarar babur cikin dare sai in tashi zumbur, gumi sharkaf, zuciya na dukan uku-uku, alhali babur ɗin mai shayi ne da na sani shekara da shekaru. Tun ina yaro kwance takalmin ƙarfe shi ne hutuna: in saki maɗaurai, in jingine shi a bango, ƙafar ta sha iska. Sai na daina cire shi. Na riƙa kwana da shi a ɗaure, don ɗaura shi aiki ne na mintoci, kuma na ga abin da mintoci suke yi. Fatar cinyata ta saɓule, ta zama gyambo, ban fasa ba. Wata rana ina tsakiyar warware lissafi a allo benci ya kife a bayan aji. Da na dawo hayyacina ina durƙushe a bayan tebur, alli a farfashe a hannuna, yara sun yi tsit. Daga Alhamis da dare cikina yake fara murɗawa saboda tafiyar Juma'a, daga Lahadi kuma saboda ta Litinin. Na zama mai faɗa. 'Yata ƙarama ta saki murfin tukunya a tsakar gida na daka mata tsawar da har maƙwabta suka leƙo.

Hajiyarmu ta ce firgita ce, kuma wanda ya firgita a daji da magariba ba a rasa shafar iska. Aka yi rubutu, aka yi tofi, aka kawo mai ruƙiyya ya yi karatu a kunnena. Na sha, na shafa, ban raina ko ɗaya ba, karatun ma yakan sanyaya mini rai na daren. Maman yara ce ta ce a haɗa da asibiti. Na ce in dai za ni, to ba a Katsina ba, inda ba zan rasa tsohon ɗalibi ko ɗan unguwarmu a bakin layin karɓar kati ba. Kano muka tafi, wani babban asibiti, muka lallaɓa sashen da ba a son a gan ka kana shiga.

Likitar ba ta yi mamakin komai ba, wannan ne ya fara kwantar mini da hankali. Ta ce ciwona sananne ne, ana ganinsa ga sojojin da suka dawo daga fagen daga da waɗanda suka tsira daga hatsarin mota ko fyaɗe: jiki ya kuɓuta, ƙwaƙwalwa ta ƙi yarda cewa abin ya wuce. Ta ce ciwon damuwa ya hau kansa. Ta rubuta mini ƙwayar da ake sha kullum, ta gargaɗe ni cewa sai ta yi makonni kafin in ji aikinta, kada in yar da ita don na ga shiru. Sannan ta faɗi abin da ya kai ni ga wannan labari. Ta ce galibi ana koya wa mai irin wannan ciwo ya tunkari abin da yake tsoro sannu a hankali har tsoron ya sake shi, amma wannan sai in haɗarin ya wuce. "Naka bai wuce ba, Malam. Duk mako kana bi ta wurin, kuma mutanen suna nan." Ta rubuta takarda mai ɗauke da tambarin asibiti da sunan sashenta, tana ba da shawarar a mayar da ni kusa da iyalina da inda zan riƙa ganin likita. A ƙasar da ake cewa likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, na san ba ƙaramin dace na yi ba da na samu wadda ta zauna ta saurare ni.

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da tamu, bayan dokar da ta rufe kasuwannin dabbobi ta kuma hana sayar da fetur a jarka. Daga Litinin zuwa Juma'a maman yara ba ta san ko ina raye ba. A wannan tsakanin na zauna na rubuta takardar neman canjin wurin aiki.

Wanda bai yi aikin gwamnati ba zai ɗauka takarda ake kai wa mai iko a ce ga ta. Ba haka ba ne. Kana rubuta wa na can sama, amma ta hannun shugaban makarantarka, shi ya sa hannu ya tura ofishin shiyya, su ma su sa nasu, sannan ta isa hedikwata, a nemo fayil ɗinka a rajista, a huda takardar a ɗaure ta da zare, a ba ta lambar shafi. Daga nan ta zama jikin fayil, ba ta fita.

Shugaban makarantarmu dattijo ne mai kirki, saura ƙiris ya yi ritaya. Ya karanta takardata, ya buɗe ta likita, ya karanta, ya tashi ya rufe ƙofar ofis.

"Malam, ƙafar nan ma ai ta isa hujja. Cire wannan."

Na ce, "Ranka shi daɗe, ai ba ƙafar ce ta hana ni barci ba."

Ya ce ya sani, ya ga abin da ya faru a aji. Amma in ji shi, fayil ba ya mantuwa. Yau ina neman taransifa, gobe ƙarin girma, jibi a ce za a ba ni mataimakin shugaba, duk wanda ya buɗe zai ci karo da tambarin nan. "Ba za su ce damuwa ba. Cewa za su yi ka taɓu. Kana da 'ya'ya mata, za ka aurar da su a garin nan." Ya ce in rubuta cewa ƙafa ta matsa mini, tafiya tana wahalar da ni, shi zai sa hannu da kyakkyawar shaida, ba wanda zai ja da abin da idonsa ya gani.

Shawarar mai ƙauna ce, kuma duk abin da ya hango sai da ya faru. Amma na ƙi. Shekara bakwai ina hawa da sauka a garin nan da wannan ƙafar, ba ta taɓa sa ni makara ba. In na ce yau ita ce ta gaza, na gaskata duk wanda ya taɓa kallona ya ce anya, kuma gobe in wani mai sanda ya zo neman aiki da ni za a yi masa misali. Iyakar laifin ƙafar shi ne ba ta gudu, wannan kuwa na rubuta shi ƙarara: in an tare hanya ko an shigo gari, kowa yana da damar tsira da ƙafafunsa ban da ni. Sauran maganar ta likita ce. Dattijon ya girgiza kai, ya ce Allah shi kyauta, ya sa hannu.

Da shiru ya yi yawa na bi sawun takardar zuwa hedikwata. Ofishin daraktan da ke kula da ma'aikata yana hawa na biyu, ba lif, matakalar kuma ƙarfen dafawarta ya cire daga rabi. Tun Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci. Dokar ta ba gine-ginen gwamnati wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shiga, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin hukumomin gwamnati, ta yanka tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutumin da ya nuna bambanci, naira miliyan 1 ga kamfani, kuma cikin ma'anar nakasa ta haɗa har da ta ƙwaƙwalwa in ta daɗe. A 2020 aka kafa mata hukuma a Abuja. Ina da kwafinta a jaka ranar. Da ita na hau benen, mataki ɗaya ɗaya, wani masinja yana biye da ni riƙe da jakar yana ta sannu.

Barandar cike take da malamai, kusan duk daga yankinmu, kowa da ambulan. Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai gyambon ciki, mai tsohuwa kwance ba mai jinya. Wani da na sani lafiyarsa ƙalau ya raɗa mini nawa ya biya aka buga masa takardar asibiti. Ban ga laifinsa sosai ba, shi ma an sace ƙaninsa, sai da suka sayar da gona. Amma takardun bogi irin nasa su suka sa ta gaskiya ta zama abin zargi.

Daraktan bai wulaƙanta ni ba, har kujera ya sa aka ba ni. Ya buɗe fayil, ya nuna mini tulin da ke gefensa da biro.

"Malam, duk waɗannan daga wajenku ne. In na ɗauke ku duka, wa zai koyar da 'ya'yan talakawan can? Su ba mutane ba ne?"

Tambayar gaskiya ce, har yau ba ni da amsarta. Sai dai ni da shi mun san makarantun cikin birni inda malamai suka yi yawa har ana rabon darasi ɗaya tsakanin mutum uku, mun kuma san 'ya'yan wa da matan wa ne. Na ciro dokar. Ya dube ta sama-sama ya ce, "Wannan ai ta Abuja ce." Daga nan ya juyo kan takardar likita, muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce in ina so a bi wannan hanyar, ƙa'idar aiki ta ce a tura ni gaban kwamitin likitoci na gwamnati. Kwamitin ba canjin wuri yake dubawa ba, dubawa yake ko mutum zai iya ci gaba da aiki. In suka ce ba zan iya ba, ritaya ce ta rashin lafiya. "Mu kuma yara muke damƙa muku. In mahaifin wani ya ji cewa malamin ɗansa yana karɓar magani irin na asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, me zan ce masa?"

Na ce, "Yallaɓai, ban taɓa ɗaga wa ɗan kowa hannu ba. Tsoro nake ji, ba hauka nake ba."

Ya ce shi ma bai ce ba. Ya ce in nemo wanda zai yarda mu yi musanya, in na samu yau, gobe zai sa hannu. Wa zai bar birnin Katsina ya koma bakin Rugu a 2021? Ya rubuta wani abu a gefen takardar da jan biro. Daga baya masinjan nan ya gaya mini haruffa uku ne, KIV, wato a ajiye tukuna. Duk ma'aikaci ya san ajiyar da ba a tashinta.

Abin da ya fi ci mini rai ba ƙin ba ne. Fayil ɗin ma'aikaci yana bi ta hannuwa da yawa, kuma takardar likita ba a cikin rufaffen ambulan take ba, a huje take da zare kamar takardar neman hutu. Kafin wata ya zagayo labari ya riga ni komawa makaranta. Abokan aikin da muke cin tuwo kwano ɗaya suka koma yi mini magana a tausashe, suna "ya jikin?" da wani irin kallo. In na yi wa ɗalibi faɗa kan jinga, sai in ga ana haɗa ido. Aka karɓe ajiyar kuɗin adashin malamai daga hannuna, wai don a rage mini nauyi. Shekarun da na yi ina jan ƙafa ba wanda ya taɓa shakkar lissafina. Wata ƙanwar babana ta zo har gida ta ce da maman yara ta rufa mana asiri ta hana ni zuwa Kano, ana maganar a gidan biki.

Ƙarshenta kawuna ne ya warware matsalar. Yana da aboki, abokin yana da suruki ɗan majalisa. Aka kai ni gaisuwa wani dare, na zauna a kan kafet cikin 'yan neman alfarma, mai gidan ya dubi sandata ya ce, "Haba, wa ya kai wannan bawan Allah daji?" Bai tambayi komai ba, ni ma ban faɗa ba. Ya ɗaga waya a gabana. Cikin jerin sauye-sauyen da aka fitar a 2022 sai ga sunana, an mayar da ni wata makaranta a cikin birni. Takardar layi uku ce, ba ta ambaci ƙafa ba, ba ta ambaci likita ba. Na karɓa da hannu biyu, don ina da 'ya'ya kuma ina son barci. Amma na san abin da ya fito da ni: tausayin sanda da kiran waya, abu biyun da na yi ta ƙoƙarin kada su zama su ne hujjata. Waɗanda muka yi layi tare a barandar nan, marasa kawu mai aboki, da yawansu suna can.

Sabuwar makarantar shugabarta mace ce. Ranar da na kai takardar kama aiki ta duba jadawali ta ga ajin da zan ɗauka yana saman bene. Ta kira mataimakinta ta ce a sauko da ajin ƙasa, 'yan ƙasa su hau sama. Kafin a tashi tara yara sun gama jidar bencuna. Na gaya mata ina zuwa asibiti lokaci-lokaci, na kuma gaya mata wane sashe, don gara ta ji daga bakina. Ta ce in riƙa sanar da ita tun da wuri, za ta sa a riƙe mini aji. Iyakar abin da ta ce ke nan, ba ta kuma sake tayar da maganar ba.

Barci ya dawo a hankali. Gyambon cinya ya warke bayan na koma kwance takalmin da dare. Har yanzu ba na son zama inda ba na ganin ƙofa, kuma ban sake bin waccan hanyar ba. A farkon 2023 aka ba da labarin Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 da muka gada daga Turawa, ta kuma yi maganar sirrin majiyyaci da hana nuna masa bambanci a wurin aiki. Ni takardata ta riga ta shiga fayil. Da aka zo tantance mu don ƙarin girma, ɗaya daga cikin masu tambaya ya yi ta juya shafuka, ya tsaya a wani, ya ɗago ya ce, "Yanzu dai lafiya lau ko, Malam?" Na ce lafiya lau, ina shan magani, ga sakamakon ɗalibaina. Aka ba ni matakin, amma da aka tashi naɗa jami'in jarrabawa a makarantarmu, wanda na girma a aiki aka ba.

Tsohon shugabana ya yi ritaya, mukan haɗu a wajen ɗaurin aure. Shi ya gaya mini cewa an tura wani saurayi ya maye gurbina, ya je ya sa hannu a rajista, ya kwana ɗaya, bai sake komawa ba. A shekarar malamin labarin ƙasa ne ya riƙe wa 'yan aji shida lissafi har suka shiga jarrabawar WAEC.